Sa sunan uwargida a takardar gida: banki, gwamna da magada

Tambaya: Ni ma'aikacin gwamnati ne a Birnin Kebbi. Ina da gida a Badariya, satifiket ɗin da sunana yake, amma yana hannun banki saboda ragowar bashin da na ci na kammala ginin. Lokacin rufi uwargidana ta sayar da gwal ɗinta da shanu biyu na gadonta ta ba ni kuɗin. Yanzu ina so in sa sunanta tare da nawa a takardar. Sai dai ta karɓi bashin korona a 2020 ba ta gama biya ba. Shin sa sunanta zai ɓata mini suna a banki? Ita kuma bashina zai hau kanta? Ina da amarya, kuma da yara a ɗakunan biyu.

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri da ka tuna da wadda ta taimake ka ranar da gini ya tsaya. Tambayoyinka biyu amsarsu ɗaya ce: a'a. Shigar sunanta cikin takardar gida ba zai kawo bashinta cikin tarihinka na banki ba, ba zai kuma ɗora mata naka ba. Sai dai a aikina na lauyan filaye da takardun jingina, ba wannan ne ke hana ni barci a irin batunka ba. Abin tsoron shi ne ka kashe kuɗi, ka yi zirga-zirgar ofis, ka kwanta da tunanin ka ba ta rabin gida, ranar rabon gado kuma alƙali ya ce ba ka ba ta komai ba. Zan iso nan. Mu fara da bankin tunda shi ka tambaya.

Littattafai biyu ne, kowanne da mai riƙe shi. Wanda ya mallaki fili ana rubuta shi a rajistar filaye ta jiha, ƙarƙashin ma'aikatar filaye. Wanda ya ci bashi, da yadda yake biya, ana rubuta shi a wurin kamfanonin tattara bayanan bashi. Uku ne masu lasisin Babban Bankin Najeriya: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Suna aiki ne da dokar bayar da rahoton bashi ta 2017, kuma bayanansu daga masu ba da bashi suke zuwa, wato manyan bankuna, ƙananan bankuna, bankunan jinginar gidaje da makamantansu. Babban Bankin shi ma yana da nasa rumbun da bankuna ke zuba bayanan masu bashi a ciki. Ma'aikatar filaye ba ta aika wa waɗannan kamfanoni jerin waɗanda aka ƙara sunansu a satifiket. Ko ta aika ma, ba abin da za su yi da shi, domin mallakar gida ba bashi ba ce.

Abin da ke ɗaure mutum da tarihinsa shi ne lambar BVN, wadda aka fara a 2014. Taka daban, tata daban, aure bai haɗa su. Makin da CRC ke ba mutum, wanda ke tsakanin 300 da 850, na mutum ɗaya ne, ba na gida ba. Gidan Badariya zai iya fitowa a rahotonka a matsayin abin da ka jinginar, amma a ƙarƙashin bashinka yake, kai ne kuma za a rubuta wa jinkiri in wata ya wuce ba a biya ba. Wannan yana da wani ɓangare da mata ba su cika sani ba: ko ka biya bashin nan tsaf har ƙarshe, ba ko maki ɗaya da zai ƙaru a nata tarihin don sunanta yana kan takardar gida.

Sa hannu ne ke haɗa mutum biyu a bashi. Idan ta sa hannu a matsayin abokiyar cin bashin, bashin ya zama naku, duk watan da aka makara zai bayyana a rahoton kowannenku, kuma banki na iya bin ta duka kuɗin, ba rabi ba. Idan ta sa hannu a matsayin mai tsaya maka, wato garanto, sunanta ya shiga, ranar da ka gaza ita za a nema. Akwai na uku mai sauƙi a kan waɗannan: ta sa hannu kawai cewa ta yarda a jinginar da kasonta na gidan, ba tare da ta ɗauki nauyin biya ba. A nan abin da za ta iya rasawa kason ne, ba albashinta ko jarinta ba. Matsalar ita ce takardun banki sukan haɗa na biyu da na uku a shafi guda, da ƙananan rubutu, a miƙa wa mace biro a ce “Hajiya sa hannu nan.” Kada ta sa sai lauyan da ba na bankin ba ya karanta mata ya fassara mata.

Game da bashin korona, da na tsarin noman shinkafa na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a nan Kebbi a Nuwamban 2015, mutane da yawa sun ɗauka rabon gwamnati ne. Bashi ne, kuma a rubuce yake da BVN. Tun 1 ga Agusta 2020 akwai tsarin da ake kira GSI, wanda ke ba mai bin bashi damar cire kuɗinsa daga duk asusun da ke ɗaure da BVN ɗin wanda ya gaza biya, ko a wane banki yake. Wannan tsarin asusu yake bi, ba ya bin gida. Saboda haka in akwai abin da za ka yi hattara da shi, asusun haɗin gwiwa ne, domin shi ke ɗauke da lambobinku biyu. Kada albashinka ya riƙa sauka a asusun da sunanta ke kai kafin ta kammala biya. Doka ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. Ku nema, naka da nata, ku ga abin da aka rubuta. Bankuna sukan duba aƙalla biyu daga cikin kamfanonin nan kafin su ba da bashi, don haka kada ku tsaya a ɗaya.

Bashinta ba zai taɓa sunanka ba, amma yana iya taɓa gidan, ta doguwar hanya. Da zarar ta zama mai kaso, kason dukiyarta ne, kuma wanda ya yi nasara a kanta a kotu yana iya neman a sayar da shi. Doka ta ce sai an fara bin kayan da ake iya ɗauka, in ba su isa ba sannan a nemi izinin babbar kotu a taɓa fili ko gida. A kan ƙaramin bashi da wuya a kai nan. Duk da haka hankali ya ce a biya shi kafin a shiga maganar takarda, musamman da yake bankinka zai iya duba rahotonta kafin ya yarda da sauyin.

Wataƙila ka ci karo da bayanai a intanet cewa miji yana iya ƙara matarsa a takardar gida da 'yar takarda guda, banki kuma ba shi da ta cewa. Wannan maganar Amurka ce. Can akwai dokar tarayya ta 1982 da ta hana mai ba da bashin gida ya nemi kuɗinsa gaba ɗaya don kawai mai gidan ya sa matarsa ko 'ya'yansa a mallakar gidan da suke zaune. Mu ba mu da irin wannan kariya. Abin da kawai muka yi tarayya da su a kai shi ne asalin ƙa'idar: suna a takardar gida daban, suna a takardar bashi daban.

A nan, muddin satifiket yana hannun banki, hannunka a ɗaure yake. Je ka buɗe takardar jinginar da ka sa wa hannu. Kusan babu wadda ba ta ɗauke da sharaɗin cewa ba za ka sayar, ko ka kyautar, ko ka miƙa wani ɓangare na gidan ba sai da rubutacciyar yardar banki. In ka yi a ɓoye ka karya alkawari, kuma yawancin takardun suna ba banki damar neman ragowar kuɗinsa nan take. Ka ga a nan ne sunanka zai iya ɓaci, ba ta dalilin uwargida ba, ta dalilin saɓa sharaɗi. Ko bankin ya yarda, kason da za ta samu yana zuwa ne da jinginar a wuyansa. In aka gaza biya, banki zai sayar da gidan duka, ba rabinka kaɗai ba. Haka abin yake ko bashin na Asusun Gidaje na Ƙasa ne, wanda ake cire wa ma'aikata kashi 2.5 cikin ɗari dominsa tun dokar 1992, ko na bankin kasuwanci. In kuma da bankin da ba ya mu'amala da ruwa ka yi, irin su Jaiz, duba wane irin ciniki ne. A tsarin haya mai ƙarewa da mallaka, ko musharakar da kason banki ke raguwa, wani ɓangare na gidan na bankin ne har yanzu, kuma mutum ba ya kyauta da abin da bai gama mallaka ba.

Shawarata a wannan gaɓa: in ragowar bashin ba ta wuce shekara ɗaya ko biyu ba, kada ka taɓa satifiket yanzu. Ka rubuta mata haƙƙinta a wata takarda ta daban, ka gama biya, ka karɓi takardar sakin jingina ka yi mata rajista, sannan ka nemi sauyin suna. Mutane suna mantawa da rajistar sakin jinginar nan, su karɓi satifiket su jefa a akwati, bayan shekaru a je bincike a tarar fayil yana cewa gidan yana hannun banki.

Sai gwamna. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa duk filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da ke hannunka haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99. Sashe na 22 ya ce ba a miƙa wannan haƙƙi, ko wani yanki nasa, ta sayarwa ko jingina ko wata hanya, sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi saɓanin haka ba shi da inganci. Babu togiya don mata da miji. A 1989 Kotun Ƙoli ta rushe jinginar bankin Savannah a shari'arsa da Ajilo saboda rashin wannan amincewa, kuma in banki da lauyoyinsa sun faɗa wannan rami, takardar da aka rubuta a zaure ba za ta tsallake ba. Daga baya, a 1995, kotun ta fayyace cewa ana iya ƙulla yarjejeniya a sa hannu sannan a nemi amincewar, sai dai mallaka ba ta cika sai ta fito. In fili na ƙauye ne mai takardar ƙaramar hukuma, sashe na 21 ne ke aiki, amincewar ƙaramar hukuma ake nema. Ga masu amarya ƙarama kuma, sashe na 7 ya hana gwamna amincewa da miƙa irin wannan haƙƙi ga wanda bai kai shekara 21 ba, sai ta hannun waliyyi ko amintacce.

Ba a goge satifiket a ƙara suna da biro. Lauya ne zai rubuta takardar miƙa haƙƙi daga kai zuwa kai da ita, a nemi amincewa, a biya harajin kan sarki da kuɗin rajista, a share duk kuɗin ƙasa da ake bin filin, a kuma nuna shaidar biyan haraji. Kuɗin yana bin ƙimar da jami'an gwamnati suka yi wa gidan, ba abin da kuka rubuta ba, don haka ka je ka tambayi adadin a ofis kafin ka fara. Masu tsofaffin takardu na zamanin jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro Kebbi a 1991, su fara tabbatar da fayil ɗinsu yana nan kuma ya dace da abin da ke ƙasa. Sunanta kuma a rubuta shi cikakke, kamar yadda yake a NIN ɗinta da BVN. Ina ganin takardu masu cewa “Alhaji wane da iyalinsa” ko “da matarsa”. A gidan mata biyu, wace ce matarsa? Wannan rubutu shari'a yake haifarwa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Ko gwamna ya sa hannu, ranar da ka rasu ba ma'aikatar filaye ce za ta raba gadonka ba, kotun shari'ar Musulunci ce, kuma sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya sa kyauta da wasiyya da gadon Musulmi cikin abin da ake ɗaukaka ƙara a kansa zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a. Fiƙihun da alƙalanmu ke hukunci da shi na Malikiyya ne. A Malikiyya kyauta tana ƙulluwa da furuci, amma ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa, mai bayarwa ya janye nasa hannun, tun yana raye, yana da lafiya da hankali, bashi kuma bai cinye dukiyarsa ba. In ya rasu, ko ya kwanta cutar ajali, kafin hauzi, kyautar ta warware ta koma cikin gado.

To yaya mace za ta karɓi gidan da take ciki tun ranar da aka tare? Malamai sun yi maganar wannan mas'ala da sunanta. Muhtasar na Halil, sanannen littafin fiƙihun Malikiyya, ya kawo cewa in mace ta ba mijinta kyautar gidan da suke zaune, suka ci gaba da zama, kyautar ta inganta, amma in mijin ne ya ba ta, ba ta inganta ba. Dalilin a fili yake. Samar da muhalli wajibin miji ne, don haka zamanta a gidan ba ya nuna mallaka, yana nuna aure ne kawai, shi kuma hannunsa bai taɓa ɗaguwa daga gidan ba. Hanyar da aka sani ita ce mijin ya kwashe kayansa ya fita, shaidu su gani da idonsu, kada kuma ya dawo da zama kafin shekara ta cika. Shaidun nan ba ikirarinsa ake so su ji ba, karɓar ake so su gani. Ka faɗa mini magidanci nawa ne a Birnin Kebbi zai iya barin gidansa shekara guda, balle mai mata biyu a gida ɗaya.

Akwai masu cewa rajistar gwamnati ta wadatar a matsayin hauzi a wannan zamani, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Maroko, ƙasar Malikiyya, ta rubuta haka ƙarara a dokarta ta haƙƙoƙin mallaka ta 2011, cewa shigar da kyauta a rajistar filaye yana tsayawa a madadin karɓa da fita. Amma wannan dokar Maroko ce. A nan lauyan magada zai buɗe Muhtasar da Tuhfa, littafin Malikiyya kan hukuncin alƙalai, a gaban alƙali ya ce marigayin a gidan ya kwana har daren rasuwarsa, kuma uwargida za ta tsinci kanta tana kare abin da kai ka ɗauka ka gama. Ni ba na barin haƙƙin mace ya rataya a kan mas'alar da za a yi jayayya a kanta bayan mai maganar ya tafi.

Abin farin ciki shi ne naka batun ba sai ya bi ta ƙofar kyauta ba. Ta sa kuɗinta a ginin. Tambayar da za ku zauna ku amsa, kai da ita, da gaskiya, ita ce: da ta miƙo kuɗin gwal da shanun, me ta ce, me kuka fahimta? In ta ce ta ba ka ne har abada don Allah, kuɗin sun zama naka, abin da za ka ba ta yanzu kyauta ce, da duk sharuɗɗanta. In rance ne, tana bin ka bashi, kuma kana iya biyanta da wani kaso na gidan, wanda ciniki ne, ciniki kuwa ba ya warwarewa don mai sayarwa ya ci gaba da zama a gidan. In kuma da niyyar “mu gina namu” ta bayar, to abokiyar tarayya ce tun ranar rufi, takardar da za ka rubuta ikirari ne na abin da yake nata da ma. Bambancin biyun nan na ƙarshe ba ƙarami ba ne a aljihu. Rance adadin nairar da aka karɓa ake mayarwa, kuma ka san abin da naira ta zama, ka san inda gwal ya kai. Tarayya kuwa kaso ce, tana tashi tare da darajar gidan. Mata da yawa sun yi asara a nan ba tare da kowa ya yi niyyar cutarsu ba.

Kada kuma wannan ya sa ka rubuta cinikin ƙarya. In abin da ta sa ya kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin ginin, ka rubuta ɗaya cikin biyar. In ka rubuta cewa ta sayi rabi alhali ba ta biya kuɗin rabi ba, malaman Malikiyya suna da suna ga wannan, tauliji, wato kyautar da aka sa wa rigar ciniki don a kauce wa hauzi ko a rage wa magada, kuma in ya tabbata ana rushe shi. Rarar da ke sama da haƙƙinta tana iya komawa hukuncin kyauta. In kana son ƙara mata, ba ta abin da za ta iya karɓa a zahiri: fili a Gesse da za ta kewaye da kanta, ko shago da za ta riƙa karɓar hayarsa da sunanta, shaidu suna gani. Wasiyya ba za ta yi maka wannan aiki ba, domin babu wasiyya ga magaji sai sauran magada sun yarda. Akwai kuma sharaɗin bashi da na ambata a sama: wanda bashi ya kewaye dukiyarsa, masu binsa suna iya hana kyautarsa. Naka da alama bai kai nan ba, amma ƙarin dalili ne na gama da banki tukuna.

Yi lissafi kafin ka zaɓi kaso, domin abin yana da baki biyu. Mu ɗauka, don misali kawai, gidan ya kai naira miliyan 24 kuma babu bashi a kansa. In ka rasu yana naka kai kaɗai, tumunin takaba miliyan 3 ne, matan biyu su raba, kowacce miliyan ɗaya da rabi. In rabin nata ne tabbatacce, za ta ware miliyan 12 tukuna, a fitar da tumuni daga sauran 12, kowacce ta sami dubu 750. Ka ga abin da ya ragu a hannun amarya da 'ya'yanta. Juya shi kuma. In ita ta riga ka, rabin nan gadonta ne: kai rubu'i tunda tana da 'ya'ya, mahaifinta sudusi, mahaifiyarta sudusi in suna raye, saura na 'ya'yanta. Wato surukanka za su zama masu kaso a gidan da kake zaune da amarya. Ba laifi ba ne, hukuncin Allah ne, amma gara ka san shi yau. In wani mai kaso ya sayar wa bare, abokin tarayya yana da haƙƙin shuf'a, ya biya kuɗin ya karɓe, sai dai wannan yana buƙatar kuɗi a hannu a lokacin.

A nan ma ka sa ido a kan abin da lauya zai rubuta. A dokar da muka gada daga Ingila mallakar mutum biyu iri biyu ce. A ɗaya, in ɗayansu ya rasu wanda ya rage ya haɗiye duka, babu abin da ke zuwa ga magada. A ɗayar, kowa yana da kasonsa sananne, in ya rasu kason ya tafi ga magadansa. Idan aka jera sunaye biyu ba a faɗi kason kowa ba, ana iya fassara shi da na farkon, wanda ya yi karo da rabon gado na Musulunci kai tsaye, kuma zai jefa iyalinka tsakanin babbar kotu da kotun shari'a. Ka ce a rubuta kaso da lamba: ita kaza cikin ɗari, kai kaza cikin ɗari, kowa nasa ya bi gadonsa. Ga 'yan'uwanmu Kiristoci na ƙasar Zuru da Yawuri da suka yi auren rajista, nau'in farkon yana iya zama shi ne ma abin da suke so, don haka ba a kwafar takardar wani.

Ka kuma sani cewa abin da ya tabbata ba ya dawowa. Ikon janye kyauta a Malikiyya na iyaye ne a kan 'ya'yansu, da sharuɗɗa, ba na miji a kan mata ba. In rabuwa ta zo, Allah ya kiyaye, kasonta yana nan. Daga ranar da sunanta ya shiga, ba ka sayarwa, ba ka jinginar da gidan duka, sai da sa hannunta. Duk bashin da za ka nema nan gaba da wannan satifiket sai ta shigo ciki, bankin kuma zai duba rahotonta tare da naka. A wannan ranar ma bashin koronan da ba a biya ba zai tsaya maka a hanya.

Abin da zan so ka yi cikin wannan watan, tun kafin banki da gwamna, shi ne takardar ikirari. Ku rubuta abin da ta sayar, a wace shekara, nawa aka samu, a me aka kashe, da matsayin kuɗin, rance ko tarayya, da kason da ya zama nata. Maza biyu adilai su shaida, kuma ya fi kyau ɗaya ya fito daga danginka, ɗan'uwanka ko babban ɗanka in ya balaga, domin daga wannan ɓangaren musu yake fitowa. In wanda ya sayi gwal ɗin ko dillalin shanun yana raye, a sa sunansa. Ku yi rantsuwa a kanta a kotu, ta riƙe kwafi, waliyyinta ya riƙe kwafi. Wannan takarda ba ta miƙa haƙƙin zama, don haka ba ta maye gurbin amincewar gwamna ba, amma ko mutuwa ta riga satifiket fitowa daga banki, bashi da haƙƙin abokin tarayya ana fitar da su ne kafin a raba gado.

Amarya kuma ta ji daga bakinka, ba daga bakin maƙwabta ba, kuma ta ji shi a matsayin biyan haƙƙi da lissafinsa, ba fifiko ba. In ita ma ta taɓa sa wani abu a gidan, ko kuɗin tayil ne ko na rijiyar burtsatse, a rubuta nata a zama ɗaya da shaidu ɗaya.